Tambayoyi da amsoshi: yadda ake haɗa hotunan kayan kwalliyar wasannin bidiyo domin wiki

Kayan kwalliya a wasan bidiyo su ne huluna, riguna, tabarau, alkyabba, fentin bindiga da makamantansu, waɗanda ba sa ƙara wa ɗan wasa ƙarfi ko gudu, sai dai su canza masa kama. Wasu wasannin suna da su dubbai, kuma kowane ɗaya yana bukatar hotonsa a wiki, wato shafin intanet na bayanai da masu sa kai ke rubutawa tare. Ga tambayoyin da sababbin masu wannan aiki suka fi yawan yi.

Me zai hana in ɗauki hoton allo ina cikin wasa in ɗora shi haka nan?

Babu abin da zai hana, idan shafin ba shi da hoto ko ɗaya. Hoto mai rauni ya fi babu. Amma ka sani za a maye gurbinsa da zarar an samu wanda ya fi shi, kuma da dalili. Hoton da aka ɗauka ana tsakiyar wasa yana zuwa da tarkace: bango, inuwar gini, rubuce-rubucen allo, ƙafar wani ɗan wasa da ya gifta. Hasken wurin ma yana rina kayan. Farar hula a filin da rana ke faɗuwa za ta fito ruwan goro, mai karatu kuwa zai ɗauka haka launinta yake.

To wane hoto ne ake kira mai kyau a wiki?

Wanda ya nuna kayan kamar yadda ɗan wasa zai gan shi a cikin wasan, kuma ya yi daidai da sauran hotunan da ke jere da shi. Waɗannan biyun su ne ma'auni. Kyau yana biye da su a baya.

Mutane da yawa suna shigowa wannan aiki daga zanen nishaɗi, inda ake so haske ya yi ban mamaki, kyamara ta kwanta ƙasa, hayaƙi ya tashi a baya. Wannan fasaha ce, amma wurinta daban. Hoton wiki hoton fasfo ne, ba hoton biki ba. Wanda ya buɗe shafin yana son sanin abu ɗaya: idan na mallaki wannan hular, yaya za ta zauna a kan ɗan wasana? Sau da yawa ma yana gwada ta ne da wata hular a shafi na gaba. Idan ɗaya an ɗauke ta daga hagu da haske mai ƙarfi, ɗayar kuma daga sama a cikin duhu-duhu, gwadawar ta lalace, ko da kowane hoton shi kaɗai abin sha'awa ne.

Saboda haka abu na farko da za ka nema, tun kafin ka sauke kowace manhaja, shi ne shafin ƙa'idojin hotuna na wikin da kake son taimaka wa. Manyan wikoki kamar na Team Fortress 2, na Minecraft da na RuneScape duk suna da nasu, kuma ba iri ɗaya ba ne. Inda ƙa'idarsu ta saɓa da abin da ke wannan shafin, tasu za ka bi.

Ta ina ake samo kayan da za a ɗauka?

Hanyoyi uku ne. Ta farko a cikin wasan kansa, a wurin gwada kaya ko a wani fili na gwaji da babu kowa. Ta biyu da manhajar duba siffofi wadda ke amfani da injin wasan, wato manhajar da aka gina wasan a kanta, kamar HLMV da kamfanin Valve ke bayarwa tare da wasannin injin Source, ko Source Filmmaker da ta saki a 2012. Ta uku ita ce ciro siffar kayan daga fayilolin wasan a kai ta wata manhaja dabam, galibi Blender, manhajar haɗa siffofi da fitar da hotunansu, wadda kyauta ce.

Kowane inji da makullinsa. A wasannin Source ana buɗe kundin VPK da GCFScape, a warware siffofin da Crowbar, a buɗe hotunan da ake lulluɓe siffar da su da VTFEdit. A wasannin injin Unreal, irin su Fortnite, FModel da UModel ne suka fi shahara. A na Unity kuwa akwai AssetStudio da AssetRipper.

A cikin ukun wacce ta fi?

A ganina ta biyu, duk inda ta samu. Injin wasan ne kawai ya san yadda aka nufa haske ya zauna a jikin kayan, kuma manhajar dubawa tana ba ka wannan tare da ikon juya kyamara da sauya bango. Blender ta fi kowace ba da 'yanci, sai dai 'yancin nan ne tarkonta, domin dole ka sake gina kamannin wasan da hannunka, kuma da ka kuskure kaɗan hoton ya zama na wani abu mai kama da kayan. Ɗauka a cikin wasa tana da gaskiyar launi amma tana da wuyar sarrafawa. Akwai kayan da ba makawa sai ita, musamman masu walƙiya da masu canza kama idan wani abu ya faru a wasan.

Idan a cikin wasa zan ɗauka, me zan fara gyarawa?

Ka ɗaga ingancin zane zuwa ƙarshe, ko da wasan zai riƙa tafiya da ƙyar. Ba wasa za ka yi ba, hoto ɗaya kake nema. Abubuwa biyu ne suka fi cutar da hotuna a ɓoye. Na ɗaya, wasanni suna ajiye siffa guda a matakai da yawa, mai cikakken bayani domin kusa, mai ƙarancin kusurwoyi domin nesa, kuma idan saitin yana ƙasa za a ba ka ta nesa ko kana tsaye a gabanta. Zagayen hula sai ya fito da gefe-gefe. Na biyu, lulluɓin siffar ma yana da ƙananan kwafi, kuma ƙaramin kwafi shi ke sa rubutun jikin riga ya dusashe. A wasannin Source, umarnin mat_picmip -1 yana kawo lulluɓi mafi inganci, cl_drawhud 0 kuma yana share rubuce-rubucen allo, ko da yake wannan na biyun yana bukatar a kunna sv_cheats a filin da kai ka buɗe.

Akwai kuma abubuwan da za ka kashe: dusashewar motsi, dusashewar abin da ke nesa, ƙyallin da ke malala daga wurare masu haske, da duhun da ake sa wa kusurwoyin allo. An yi su ne domin daɗin kallo, a hoton wiki kuwa datti ne.

Ka kula da maɓallin da kake ɗaukar hoton da shi. Maɓallin F12 na Steam, manhajar saye da buɗe wasanni ta Valve, yana ajiye JPEG ne a bisa al'ada, sai ka shiga saiti ka ce a riƙa ajiye kwafin da ba a matse ba.

Yaya ake cire bango a bar kayan shi kaɗai?

Idan a Blender kake, da sauƙi: akwai zaɓin da ke mayar da bayan hoto wayam, sai ka tabbatar fayil ɗin da za ka fitar RGBA ne ba RGB ba. Harafin A ɗin shi ne alfa, wato ma'aunin da ke faɗa wa kowane fiksel (ɗigo ɗaya na hoto) ko ya toshe abin da ke bayansa gaba ɗaya, ko ya bar shi ya leƙo kaɗan, ko ya ɓace.

Matsalar tana ga hoton da aka ɗauko daga wasa ko daga manhajar dubawa. Abin da kowa ke fara yi shi ne sa koren bango ko ruwan hoda mai kauri, sannan ya zaɓe launin ya goge. Yana aiki ga abu mai ƙwari kamar kwalkwali, amma yana barin kore a gefuna, kuma ga gilashin tabarau, gashi, gashin tsuntsu ko mayafi shara-shara ba ya aiki sam. Koren ya riga ya gauraya da launin kayan, ba za ka iya tsince shi ba.

Hanyar da ta fi ita ce ɗaukar hoto biyu ba tare da motsa komai ba, ɗaya a kan baƙin bango ƙirin, ɗaya a kan fari fat. Duk fiksel ɗin da ya toshe bayansa sosai zai fito iri ɗaya a hotunan biyu. Wanda babu komai a kansa zai zama baƙi a nan, fari a can. Na tsakiya kuwa, bambancin da ke tsakanin hotunan biyu shi ke faɗin yawan shara-sharansa daidai wa daida. Ga misali da lamba. Launuka suna tafiya daga 0 zuwa 255. A ce jan wani fiksel na gilashi ya nuna 100 a kan baƙi, ya nuna 202 a kan fari. Bambancin 102 ne, wato kashi 40 cikin ɗari na 255. Ke nan bango yana ratsa shi da kashi 40, shi kuma yana toshewa da kashi 60. Ainihin jansa kuma shi ne 100 a raba da 0.6, kusan 167. Ba kai za ka yi wannan lissafi fiksel bayan fiksel ba, ana yin sa ta ɗora hoto ɗaya a kan ɗaya a manhajar gyaran hoto irin GIMP ko Photoshop, ko da ɗan umarni a ImageMagick, kuma wasu wikoki suna da ƙaramar manhaja da suka tanada domin haka.

Sharaɗinta biyu ne, kuma ba ta yafiya a kansu. Kada komai ya motsa tsakanin ɗauka ta farko da ta biyu, har da numfashin ɗan wasan da kaɗawar igiyar hula. Sannan a kashe duk wani saiti da ke sa wasan ya daidaita haske da kansa, domin farin bango zai sa ya rage hasken kayan, lissafin ya rushe.

Na cire bangon, amma wani farin zare ya zagaye kayan. Daga ina ya fito?

Daga tsohon bangon. Fiksel ɗin da ke bakin gefe rabinsa kaya ne rabinsa bango, shi ya sa gefen ke fitowa sumul. Idan ka goge farin bango da kayan zaɓen launi, waɗannan na gefen suna nan da farinsu. A kan farin shafi ba za ka gan su ba, sai mai karatu ya kunna yanayin duhu su bayyana. Yawancin wikoki yanzu suna da yanayin haske da na duhu, don haka ka gwada hotonka a kan fari, da baƙi, da toka-toka kafin ka ɗora. Wani lokacin kuma zaren baƙi ne, wannan yakan faru idan wata manhaja ta riga ta ninka launi da alfa, wata kuma ta karanta fayil ɗin kamar ba a ninka ba. Maganin na farkon shi ne komawa hanyar bango biyu. Rage gefen da fiksel ɗaya yana ɓoye aibin, amma yana cinye siraran abubuwa kamar eriya da igiya.

PNG ko JPEG?

PNG. JPEG ba ya ɗaukar alfa ko kaɗan, kuma duk lokacin da aka sake ajiye shi yana ƙara lalacewa. GIF launuka 256 kawai yake iya riƙewa, fiksel ɗinsa kuma ko yana nan ko ba ya nan, babu tsaka-tsaki, shi ya sa gefensa ke yin kaushi.

Idan fayil ɗin ya yi nauyi, OptiPNG ko oxipng za su rage shi ba tare da taɓa fiksel ko ɗaya ba. pngquant yana ragewa fiye da haka, amma ta hanyar zubar da launuka ne, kuma a kan inuwa mai laushi ana ganin layi-layi. Ba na ba da shawararsa ga hoton da zai zama na asali.

Wane girma ya kamata?

Ka fitar da shi babba, ka rage daga baya. Hoton da aka ɗauka a 3840 × 2160 aka mayar da shi rabi yana fitowa da gefe mai santsi fiye da wanda aka ɗauka kai tsaye a 1920 × 1080, domin kowane fiksel na ƙarshe matsakaicin guda huɗu ne. Ko allonka ƙarami ne, katunan zane na Nvidia da AMD, wato sashen kwamfuta mai zana abin da ke fitowa a allo, suna da saitin da ke barin wasa ya yi zane da girman da ya wuce na allon, DSR a na farko, VSR a na biyu.

Amma kada ka wuce gona da iri. MediaWiki, manhajar da yawancin wikoki ke gudana a kanta, ita ke yanka ƙananan kwafi domin shafuka, kuma a saitinta na asali ba ta yin haka ga hoton PNG da ya haura fiksel miliyan 12.5. Hoto mai 4000 × 4000 ya kai miliyan 16, sai a ga saƙon kuskure a inda hoto ya kamata ya fito. Bayan haka, girman ba ya ƙirƙiro abin da babu. Idan lulluɓin hular 512 × 512 ne, ƙara girman hoton dusashewar kawai zai faɗaɗa.

Ka yanke sararin da ke kewaye da kayan. Akwatin bayani a shafi yana da faɗi ƙayyadadde, idan rabin hotonka fanko ne kayan zai fito ɗan mitsitsi.

Me ya sa hancin ɗan wasan ko bakin hular ke fitowa ƙato?

Kyamarar ta matso da yawa kuma idonta a buɗe yake sosai. Wasannin harbi suna amfani da faɗin gani mai yawa, wajen digiri 90, domin ɗan wasa ya ga abin da ke gefensa, wannan kuwa yana kumbura duk abin da ke kusa. Ka rage faɗin ganin sosai, ka ja kyamarar baya har kayan ya sake cika allo. Wasu wikoki ma suna cire zurfin gani gaba ɗaya, abin da ke nesa da na kusa su zama girma ɗaya. Hotunan tubalan da ke wikin Minecraft haka ake yin su.

Game da kusurwa, abin da aka fi yi shi ne a juya kayan kaɗan, a ga gaba da gefe ɗaya a lokaci guda. Da ka samu wurin da ya dace, ka rubuta lambobin kyamarar ka ajiye, ko ka adana fayil ɗin a matsayin ma'auni. Idan huluna ashirin za ka yi wa ɗan wasa guda, kansa ya kasance a wuri ɗaya a duka ashirin ɗin. Da ido ba za ka iya maimaita wannan ba.

Na kai siffar Blender, amma launin bai yi kama da na wasan ba. Me na ɓata?

Wataƙila ba ka ɓata komai ba, saitin asali ne ya yi maka. Tun daga Blender 2.80 a 2019 manhajar tana wuce kowane hoto ta wani tace mai suna Filmic, daga 4.0 a 2023 kuma aka koma AgX. Dukansu an yi su ne domin hoto ya yi kama da na kyamarar fim, suna tausasa haske suna rage kaifin launi. Jan da ke ƙuna a wasa sai ya fito a koɗe. Ka mayar da saitin zuwa Standard, rabin matsalar ta tafi.

Sauran rabin yana cikin fayilolin lulluɓi. Ba kowannensu ne launi ba. Akwai mai launin shuɗi-shuɗi wanda aikinsa nuna tudu da kwari a jikin kaya, ɗinki, tsaga, ƙusoshi. Wannan dole a gaya wa Blender cewa bayanai ne ba launi ba, in ba haka ba haske zai karkace. Kuma akwai tsari biyu na rubuta shi: Unreal tana bin na DirectX, Blender tana bin na OpenGL, bambancinsu shi ne sashen kore na fayil ɗin a kife yake. Idan ka ga maɓallan riga sun lotsa ciki maimakon su ɓullo waje, to ka juya koren.

Masu haɗa wasa kuma suna da dabarar cusa bayanai daban-daban a fayil guda domin tsimi: ja ya riƙe abu ɗaya, kore ya riƙe kaushi, shuɗi ya riƙe ko ƙarfe ne ko ba ƙarfe ba, kuma jerin yana bambanta daga wasa zuwa wasa. A Team Fortress 2 alfan lulluɓin hula sau da yawa yana nuna inda fenti zai kama ne. Blender ba ta san haka ba, sai ta ɗauka wurin fanko ne, hular ta fito da ramuka. Team Fortress 2 ma yana da nasa salon inuwa na musamman, mai kama da zanen hannu, wanda hasken Blender na yau da kullum ba ya kwaikwaya. Shi ya sa na ce manhajar dubawa ta fi aminci.

Ko ta wace hanya ka bi, ka buɗe hoton allo na ainihin wasan a gefe guda, ka riƙa gwadawa. Shi ne alƙali.

Kaya ɗaya yana da launuka da yawa. Duka zan yi?

Ya danganta da wasan. A Team Fortress 2, wanda ya fara huluna a 2009 ya kuma kawo gwangwanayen fenti a 2010, akwai ƙungiya biyu, RED da BLU, ga fenti kusan talatin, ga kuma wasu kayan da ke da salo biyu ko uku. Hula guda tana iya cin hotuna fiye da sittin. A nan babu mai yi ɗaya bayan ɗaya da hannu in yana son ya gama, ana kafa kyamara sau ɗaya ne a bar ƙaramar manhaja ta riƙa sauya launi tana ɗauka. Kada ka rina hoto a GIMP ka ce fenti ne. Wasan yana da hanyarsa ta haɗa fenti da lulluɓi, kuma abin da za ka samu da hannu zai bambanta.

A Counter-Strike lamarin ya fi haka rikitarwa. Tun da aka kawo fentin makamai a 2013, kowane makami yana da lambar tsufa tsakanin 0 da 1, wadda aka kasa mataki biyar daga Factory New, ƙasa da 0.07, zuwa Battle-Scarred, daga 0.45 zuwa sama. Ga kuma lambar zane wadda ke da kimanin dubu, tana sauya inda fentin ya faɗa a jikin makamin. Ba mai iya ɗaukar duka. Abin yi shi ne a zaɓi misali ɗaya a kowane mataki, a rubuta lambobin da aka yi amfani da su a bayanin fayil ɗin.

Hular tana ratsa kunnen ɗan wasan. In gyara a hoton?

Ka fara bincika ko haka take a wasan. Idan haka take, ka bar ta, domin mai karatu yana da haƙƙin ya sani kafin ya nema. Idan kuwa a wasan ba ta ratsawa, to kai ne ka manta wani abu. Galibi kayan yana ɓoye wani sashe na jikin ɗan wasan idan aka saka shi, kamar kwalkwalinsa na asali ko gashinsa, kuma a manhajar dubawa sai ka kashe wannan sashen da kanka.

Kayan da ke ci da wuta ko walƙiya fa?

Waɗannan su ne masu ɗan karen wahala. Harshen wuta da tartsatsi a wasanni yawanci ƙara haske suke a kan abin da ke bayansu, ba rufe shi suke ba. A kan farin bango sai su ɓace ɗungurungum, tunda babu abin da ya fi fari haske, don haka hanyar bango biyu ma ba ta ba da sakamako mai kyau a nan. Wikoki da yawa sun haƙura suna nuna irin waɗannan a kan bango mai duhu. Idan motsin shi ne ainihin kayan, sai a ƙara gajeren bidiyo ko hoto mai motsi a ƙasan shafin, babban hoton kuma ya zama tsayayye, a lokacin da walƙiyar ta cika.

Wasanni masu manyan fiksel irin Minecraft fa?

Dokar ragewa da santsi ba ta aiki a nan. Fatar ɗan wasa a Minecraft, wato hoton da ke lulluɓe jikinsa, 64 × 64 ce tun sigar 1.8 ta 2014, lulluɓin tubali kuma 16 × 16. Idan za ka faɗaɗa, ka zaɓi hanyar da ke kwafe fiksel mafi kusa ba tare da gaurayawa ba, kuma ka ninka da cikakkiyar lamba, sau 8 ko sau 10, kada ka yi sau 7.5, in ba haka ba wasu fiksel za su fi wasu faɗi. Ka kuma duba ko fatar ta mai hannu fiksel 4 ce ko ta mai siririn hannu fiksel 3, domin in ka sa ta a jikin da ba nata ba hannun zai fito da baƙin layi.

Zan iya amfani da manhajojin AI masu ƙara wa hoto kaifi?

A'a. Ba sa dawo da bayanin da ya ɓace, ƙirƙirar wanda ya yi kama da shi suke. Za su sa ɗinki inda babu ɗinki, su mayar da tambarin da ya dusashe wasu haruffa da ba su taɓa kasancewa a wasan ba.

Wane suna zan ba fayil ɗin?

Ka duba sunayen 'yan uwansa ka bi sahu harafi da harafi. A wikoki da yawa akwatin bayani yana nemo hoto ne da kansa daga sunan kayan, don haka ƙaramin harafi a wurin babba ya isa ya hana hoton fitowa. MediaWiki tana mayar da harafin farko babba da kanta, sauran kuwa tana bambanta su, har .png da .PNG ba ɗaya ba ne a wurinta. Idan hoton da ke akwai kake son sauyawa, ka ɗora sabuwar siga a kan tsohon fayil ɗin, kada ka buɗe sabon suna. Haka tarihin ke zama wuri ɗaya, duk shafukan da ke amfani da shi kuma su sabunta. In ka ɗora ka ga tsohon hoton bai tafi ba, ba laifinka ba ne, ajiyar wucin gadi ce, takan ɗauki lokaci.

A bayanin fayil ɗin ka rubuta manhajar da ka yi amfani da ita, sigar wasan da lambobin kyamara. Wanda zai ci gaba da aikin bayan ka daina yana bukatarsu.

Hoton da na sha wahalar haɗawa nawa ne?

Aikin naka ne, kayan kuwa na kamfanin wasan ne. Rubutun yawancin wikoki yana ƙarƙashin lasisin Creative Commons, amma wannan bai shafi hotunan kayan wasa ba. Ana ɗora su ne bisa sassaucin da dokar haƙƙin mallaka ta Amurka ta yi wa amfani domin bayani da sharhi, ko bisa ƙa'idojin da kamfanoni irin su Epic Games da Mojang suka wallafa game da ayyukan masoya. Shi ya sa Wikimedia Commons, wadda ke karɓar abin da kowa ke da 'yancin sake amfani da shi kawai, ba ta karɓar irin waɗannan hotuna. Ka zaɓi alamar lasisin da wikin ya tanada domin kayan wasan, kuma kada ka manna sunanka a jikin hoton, tarihin fayil ɗin ya riga ya nuna wanda ya ɗora.

Kayan da aka tono daga fayiloli tun ba a sake su ba magana ce dabam. Wasu wikoki suna karɓa da alamar gargaɗi, wasu sun haramta. Ka tambayi masu kula da wikin kafin ka ɗora.

Za a iya rufe mini asusu saboda wannan aiki?

Kwafe fayilolin wasa zuwa wani wuri ka buɗe su a can ba ya taɓa wasan da ke gudana, ko da yake yarjejeniyar amfani ta wasu kamfanoni ta hana ko da hakan, sai ka karanta. Haɗarin gaske yana ga manhajojin da ke kutsawa cikin wasa yana aiki, kamar masu sakin kyamara ko masu sauya launi, domin na'urar kama maguɗi ba ta san niyyarka ba. Hukuncin VAC, na'urar kama maguɗi ta Valve, na dindindin ne. A wasannin Source ana tayar da wasan da zaɓin -insecure, wanda ke kashe VAC, domin irin wannan aiki, a kuma tsaya a filin gwaji kai kaɗai.

Kwamfutata ba ta da ƙarfi. Da sauran abin da zan iya?

Sosai. HLMV tsohuwar manhaja ce mara nauyi, Blender kuma za ta fitar da hoton hula guda ko a ƙaramar kwamfuta, jira ne kawai zai yi tsawo. Bayan haka akwai aikin da ba ya bukatar katin zane: yanke fankon gefe, rage nauyin fayiloli, gyara sunaye, sa alamar lasisi, da tattara jerin shafukan da hotonsu ya tsufa.

Idan kamfanin ya sauya kamannin kayan, me ake yi da tsohon hoton?

Babban hoton shafi yana bin abin da ke cikin wasan a yau. Wani lokacin kaya ɗaya ne aka gyara, wani lokacin kuwa komai ne. Lokacin da Counter-Strike 2 ya maye gurbin wanda ya gabace shi, Global Offensive, a watan Satumba na 2023, an koma injin Source 2 mai sabon tsarin haske, fentin makamai da yawa suka sauya kama ba tare da an taɓa zanensu ba, tsofaffin hotunan suka daina nuna abin da ɗan wasa ke gani. Minecraft ma ya sake zana lulluɓinsa kusan gaba ɗaya a sigar 1.14 ta 2019.

Tsohon hoton ba a share shi. Ana mayar da shi sashen tarihi na shafin, da bayanin sigar da ya yi aiki a cikinta. Wikin Minecraft yana sa lambar jerin kamanni a cikin sunan fayil ɗin kansa, irin JE1 da JE2 ga bugun Java, BE1 ga na Bedrock, ta yadda kowace kama da abu ya taɓa yi tana da nata fayil. Idan wikin da kake aiki a kai ba shi da irin wannan tsari, ka fara sauke tsohon hoton ka ɗora shi da sunan da ke nuna shekara ko siga, sannan ka sa sabon a gurbin babban.